Magudanar Injiniya

Bana shekara ashirin da rasuwar ƙanena Habibu. Har yau in na tuna shi, abin da nake ji ba kewa kaɗai ba ce.

Ɗaki ɗaya muka tashi a Gyaɗi-Gyaɗi. Ni na tsaya a firamare na kama noman rani a gonarmu ta wajen Kura, shi ya zarce jami'a ya karanci ilimin ƙasa. A shekarar da soja suka koma bariki, alkamarmu ta soma rawaya, ƙasa tana fitar da fari-fari kamar an barbaɗa gari. Habibu ya zo da wata na'ura da wayoyi, ya kakkafa ƙarafa a jere, ya tura wa ƙasa lantarki, wai da haka ake gane abin da ke cikinta.

"Yaya," ya ce, "ban-ruwa ya yi yawa. Ruwan ƙasa ya taso, yana turo kanwa sama. Sai an haƙa magudana."

"Sannu boka," na ce. "Ƙasar ce ta raɗa maka?"

'Yan ƙwadago suka kwashe da dariya. Baba bai yi ba. Kallon da ya yi wa Habibu ran nan, ni da na ƙare ƙuruciyata a taɓon gonarsa bai taɓa yi mini irinsa ba. Shi ya sa na ƙi haƙawa, ba don ban yarda ba. An ce hassada ga mai rabo taki ce. Tawa hassadar kuwa, gonarmu ta ƙona. Sai da na tarar da shanun Fulani suna lasar ƙasarmu, sannan na ɗauki shebur. A lokacin, ciwo ya riga ya kwantar da Habibu, bai ga aikin ba.

Da zai ga yadda gida-gida a Tarauni ake huda rijiyar burtsatse babu awo, na san zai kama baki, ya ɗauko wayoyinsa. Kuma za a saurare shi. Shi kullum ana saurarensa.

Gonar ta farfaɗo. Da hannuna na haƙa magudanar, ni nake yashe ta duk shekara, amma kaf manoman yankin Magudanar Injiniya suke ce mata, wato ta Habibu. Kwanan baya ina tsaye a cikinta, laka har gwiwa, wani baƙo ya leƙo.

"Baba, kai ne mai gadin Magudanar Injiniya?"

Na buɗe baki zan gyara masa. Sai na ce, "Ni ne."

Allah ya kai haske kabarinka, Habibu.