Bonet ɗin Verna Kolar

Filin baje kolin amfanin gona na gundumarmu, a gabashin Nebraska, yana da makeken wurin ajiye motoci wanda kwaltarsa ta tsattsage kamar diddigen manomi. Lahadi ɗaya a kowane wata, daga tsirowar masara har girbinta, nan muke haɗuwa da tsofaffin motocinmu. A jera robobi masu tsini su zama hanya mai lanƙwashe-lanƙwashe, kowa ya shiga shi kaɗai, agogo yana ƙirga masa. Ka ture roba, a ƙara maka lokaci. Babu abin da ake samu sai 'yar lambar yabo a ƙarshen shekara, da baƙar magana daga abokai.

A nan na san Verna Kolar. Ta yi rayuwarta tana tuƙa bas ɗin makaranta, ta ɗauki rabin mutanen garin suna yara, ta kuma sauke su lafiya. Mace ce gajera mai faɗin kafaɗa, ba ta taɓa aure ba, ba ta kuma taɓa barin wani ya sa mata sufana a inji ba. Motarta a-kori-kura ce ƙirar Chevrolet ta shekarar hamsin da uku, koriya kamar ganyen da ya fara gajiya. Ta gaje ta daga mahaifinta, ta cusa mata injin da ya fi ƙarfin cikinta, har sai da ta cire sifirin ɗin da ke taimaka wa bonet tashi don injin ya sami wurin zama. Tun daga lokacin da ƙarfin kafaɗa take ɗaga bonet ɗin, ta tokare shi da sandar tsintsiya.

Rukuni biyu ne a ƙungiyarmu. Akwai na motocin titi, wanda muke kira rukunin ƙarfe: ka yi wa inji abin da ka ga dama, amma jikin mota ya zama ƙarfenta na asali, kujeru a ciki, fitilu suna kamawa. Akwai kuma buɗaɗɗen rukuni, na masu feɗe mota su zubar da duk abin da ke da nauyi. Mu tsofaffi muna rukunin ƙarfe. Tare muke gudu da safe, tare muke fita tsintar robobi idan ɗaya rukunin yana gudu, a tsakani kuma mu zauna ƙarƙashin rumfar Verna. Takan zo da gahawa a fulas da kolaci, burodin nan mai zaƙi na kakanninta, mu ci muna zagin gwiwoyinmu.

Shekarar da ta haura saba'in da 'yan kai, kafaɗunta suka ƙi. Likita ya ce gaɓoɓin sun zaizaye. Sitiyari bai gagare ta ba, hannu ne ba ya wuce haɓarta idan da nauyi a ciki. Da sanyi ya wuce muka dawo fili, sai ga a-kori-kurar da sabon bonet na faiba, wani abu mara nauyi kamar roba, an yi masa fenti kore daidai da sauran jiki. Na ga ta ɗaga shi da hannu ɗaya, fuskarta kamar ta wadda aka mayar wa abin da ta fid da rai da shi.

Mai duba motoci kafin a shiga fili shi ne Orval Tiedeman, mai sayar da abincin dabbobi, mutum mai tumbi da furfura, wanda Verna ta ɗauka a bas tun yana zubar da majina. Yana yawo da ɗan maganaɗisu a aljihu. Ya ɗora shi a ƙofa, ya kama. Ya ɗora a bonet, ya sulale ya faɗi ƙasa. Orval ya daɗe a sunkuye kafin ya ɗauko shi.

"Inna Verna," ya ce, "me kika yi mini haka da sassafe?"

"Kai na yi wa? Kafaɗata na yi wa."

"Kin san dokar. Da ke aka rubuta ta."

"Da ni aka rubuta ta, saboda irinku masu son a ce sun yi sauri ba tare da sun iya tuƙi ba."

Duane Sobotka, tsohon mai walda da ya shekara yana bin bayanta a agogo, ya matso da kolaci a baki. "Bar ta, Orval. Ko ka cire mata ƙofofi ma, nauyin bakinta ya isa ya cike."

"Kai dai ci ka yi shiru," in ji ta, "gwauron da ba ya iya soya ƙwai."

Orval ya rage murya. "Ban ga komai ba. Maganaɗisun nan ya tsufa, wani lokacin ba ya kamawa."

Ta dube shi irin kallon da takan yi ta madubin bas. "Ranar da ka fito da kai ta taga, na ce ban gani ba?"

"A'a, Inna. A ƙasa na tafi makaranta mako guda."

"To, rubuta abin da ka gani."

Ba ta shiga fili ranar ba. Ta zauna a rumfa tana zuba mana gahawa. Muka yi ta kawo dabaru. Duane ya ce a sa sandunan iska masu ɗaga bonet irin na motocin zamani, ta nuna masa da yatsa cewa babu wurin ɗaura su, injin ya cinye ko'ina. Ni na ce a kira taro a yi mata sassauci saboda shekaru.

"Malam mawaƙi," ta ce da ni, da sunan da takan tsokane ni da shi, "kana so a buɗe rukunin tausayi, ni kaɗai a ciki? In na ci Duane, ya ce bonet ne ya ci shi."

"Zan ce kuwa," in ji Duane.

Abin da ke gabanta a fili yake. Ko ta mayar da bonet ɗin ƙarfe ta zauna cikinmu, amma kullum sai ta nemi mai ɗaga mata, ko ta riƙe mara nauyin ta buɗe injinta da kanta, amma ta bar mu.

Da wata ya zagayo ta zo da na ƙarfen. Maƙwabcinta ne ya taya ta ɗaurawa. Da safe ni da Duane muka ɗaga, ta tsaya gefe hannu a aljihu tana kallon maza biyu suna nishi a kan motar ubanta. Ta ce na gode. Ban taɓa jin kalmar ta yi wa wani nauyi a baki haka ba.

Bayan zagayen farko injin ya fara tari. Ƙaramin abu ne, kafireto ke son a ɗan murɗa shi, aikin da takan gama kafin gahawa ta huce. Amma mu duka muna cikin layi, hular kwano a kai, kowa yana jiran a ɗaga masa tuta. Ta cikin gilashi na hango ta. Ta zare sakatar bonet, ta sa tafin hannu biyu, ta tura. Ya tashi kamar kamu ɗaya ya tsaya. Ta sake gwadawa da ƙirji. Sai ta sauke shi a hankali, ta jingina da mota tana duban gonar masarar da ke bayan shinge, sukurdireba a hannunta. Mutane suna wucewa ta gefenta, ba ta kira kowa ba. Haka layinta ya wuce.

Da na dawo na ce, "Da kin yi magana mana."

"Na gaji, mawaƙi," ta ce. "Ba ciwon ba. Jiran."

A haɗuwar da ta biyo baya ta dawo da na faiban, tun kafin Orval ya laluba aljihu ta ce masa ya bar maganaɗisunsa ya huta. Ya canza mata harafin rukuni da ke jikin ƙofa zuwa na buɗaɗɗen rukuni ba tare da ya ɗago kai ba. Ta kwashe rumfarta ta koma ɗaya gefen filin, wurin samarin da ke zuwa da motocinsu a kan tirela, motocin da ba su da kujerar fasinja balle rediyo. Suna girmama ta, suna ce mata kaka, suna kuma wuce ta a agogo da tazarar da ba a yi wa tsiya a kai. Ita ce ta ƙarshe kowane wata. Babu wanda yake zolayarta a can, kuma ina jin wannan ya fi zuwa ta ƙarshe yi mata ciwo.

Yanzu idan muna gudu tana cikin rana tana tsintar mana robobi, idan tana gudu mu ne a cikin ranar. Lokacin zaman rumfa ya tafi. Takan ajiye mana kolaci a kan bonet ɗin Duane, a naɗe da tawul, mu same shi ya yi ɗumi da zafin inji. Duane ya zo na ɗaya a rukunin ƙarfe bana. Ya jefa lambar a akwatin sufanu, bai nuna wa kowa ba.

A haɗuwar ƙarshe kafin sanyi, an sa ni a kwanar nesa. A-kori-kurar ta taho tana rangaji, taya tana kuka, ta ture roba ɗaya har gaban ƙafata. Verna ta ɗaga mini yatsa biyu daga sitiyari ta wuce. Na sunkuya da ƙyar na mayar da robar cikin zanen allin da ke nuna wurinta. Da na miƙe, na hango ta can ƙarshen fili ta tsaya ita kaɗai. Ta ɗaga koren bonet da hannu ɗaya, ta tokare shi da sandar tsintsiya, ta zura kanta ciki.