Jiƙaƙƙen Buhu a Kan Kwamfuta

Har yau in wayar wuta ta ƙone na shaƙi ƙaurin robar nan, sai in ga kaina a rumfar kakana, can ƙauyenmu kusa da Abu Hujar. Ban yi nisa a makaranta ba, a aji shida na tsaya, amma abin da zan gaya maka da idona na gan shi.

Ina yaro, ana gab da damina, kawuna ya dawo daga Jidda da kwamfuta, farin akwati da shasha, wato gilashin kallo, mai ƙatuwar ƙeya. Ya zo kuma da ɗan baƙin faifai mai kusurwa huɗu, wanda abokin aikinsa ya ba shi. A ciki akwai hoton wani tsoho a Makka da ke cewa shi ƙanen kakana ne, wanda ya bi ubansu hajji tun yana yaro bai dawo ba. Idon kakana ya riga ya yi yana. Abu ɗaya yake son sani. Askar gidanmu uku ce a kumatu, amma ta ƙanensa ta tsakiya a karkace take, don ya motsa a hannun wanzami.

Aka tada injin wuta da hantsi. Da yake na fi kowa ido, ni aka zaunar gaban shasha. Hoton ya sauko sannu a hankali. Rawani ya fito, gemu ya fito, fuskar kuwa kamar an yi mata yaɓen laka. Kawu ya ƙara mata girma, sai ta farfashe ta zama ƙananan ɗakuna a jere.

"Mi kag gani?" in ji kakana.

"Ɗakuna nike gani."

"Ɗan'uwana nat tambaye ka, ba gini ba."

Kawu ya buɗe akwatin, ya nuna mana wani koren kati kamar tafin hannu. Ya ce shi ke zana duk abin da ke kan shasha, kuma launukan da ya iya kaɗan ne. Na taɓa shi, zafi rau. Kawu ya ce a bari ya huce, ya tafi alwala. A wajenmu kuwa, abin da ake so ya yi sanyi jiƙaƙƙen buhu ake naɗa masa, yadda ake yi wa randa. Kakana ya ce a yi haka. Ni na jiƙa buhun, ko matsewa ban yi ba, na lulluɓe buɗaɗɗen akwatin yana kunne. Ƙara ɗaya ya yi, hayaƙi ya tashi.

Kawu bai doke ni ba, kuma da ya doke ni da ya fi. Ruwa ya sauka, laka ta rufe hanya. Kafin ta buɗe a nemo wani katin, mun binne kakana. Faifan ya rage a hannuna.

Bayan shekaru masu yawa, kafin yaƙin nan, na kai wa ɗan ƙanwata shi a Damazin, inda yake zana taswirar gonaki a wani ofis. Katin injinsa ya kai tsawon hannuna, nauyi kamar bulo. Ya ɗora zanen madatsar ruwa gaba ɗaya a shasha yana juya ta, har ƙusa kana gani. Na leƙa cikin akwatin, na ga wasu 'yan bututu. Ya ce ruwa ke bi ciki yana sanyaya injin. Na ciro faifan na miƙa masa.

Da ƙyar ya samo abin karanta faifan. Ɗakunan nan dai suka fito, sai dai a wanke.

"Kawu, abin da mai hoto bai ɗauko ba, kati ba ya da shi. Amma yana iya cikewa," in ji yaron.

Ya danna, kafin in ƙifta ido ga kyakkyawan tsoho, kumatu sumul. Ya sake dannawa, wani tsohon ya fito da aska biyu.

"Wanne ne namu?"

"Babu. Kintata yake."

Ashe ko ban jiƙa buhu ba, kakana ba zai samu amsa ba. Na zata in na ji haka zan sami sauƙi, ban samu ba. Yaran yanzu in inji ya ba su fuska mai kyau sai su karɓa, ba sa tambayar ta wa ce. Ni na ce ya mayar min da ɗakunana, ya buga min a takarda. Akwai ɗaya a tsakiyar kumatu da ya fi sauran duhu, ya ɗan kauce daga layi. Ko aska ce, ko ƙuda ne ya sauka wa tsohon, har yau ina dubawa.