Tudun Malam Umaru

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana, Malam Umaru, hedimastan firamaren ƙauyenmu da ke kan hanyar Kebbe zuwa Fakku. Allah Ya jiƙansa. Ya koya mini karatu, ya kuma koya mini yarda da abin da aka faɗa a rediyo. Na farkon kaɗai ya amfane ni.

Wata shekara bayan girbi, iyayen yara suka yi gayya, suka buga tubali don a gina wa makaranta ɗakin karatu. A lokacin ne Yaya ya ji a rediyo ana muhawara kan dokar da za ta hana kamfanonin waya fifita wani shafin intanet a kan wani: littafi da waƙa, mai kuɗi da talaka, duk hanya ɗaya, farashi ɗaya. Ya tara dattawa gindin tsamiya.

"Ku bar wahalag ga," in ji shi. "Kahin ɗiyan nan su gama aji shidda, kowane na da ɗakin karatu cikin aljihu nai. Hukuma ta yi magana."

Ba a musu da hedimasta. Aka bar tubalin a jibge bayan makaranta, damina ta bi ta kansa, wata ta maimaita, ya narke ya zama tudu.

Da Yaya zai leƙo yau, zai tarar rabin maganarsa ta tabbata: akwai waya a kowane aljihu. Sai dai datar da talaka ke iya saye ta hira ce da kallon rawa. Ka nemi buɗe littafi, ko ka duba sakamakon jarrabawa, sai a ce maka wannan ba ya cikin tsarinka. Dokar kuwa ban san inda ta kwana ba. Jikarsa Hadiza, da ke shirin jarrabawar fita sakandare, sai ta hau kabu-kabu zuwa Tambuwal kafin ta taɓa littafin kimiyya, shi ma na aro.

Sabis ɗin ma wuri ɗaya yake sauka a garin: kan tudun nan. Da la'asar za ka ga magidanta a tsaye a kansa, kowa ya ɗaga waya sama kamar ɗalibin da ya san amsa. Tudun Malam suke ce masa, kuma ba da izgili ba.

Bana na je wa mai unguwa da shawarar a jiƙa ƙasar, a sake buga tubali, a cika abin da aka fasa. Ya saurare ni har ƙarshe.

"Malam ƙarami, maganakka gaskiya ta," ya ce. "Amma in mun kwashe tudun, ina muka samun sabis?"

Yaya ya bar ɗalibai masu kyawun rubutu, ya bar suna mai tsabta. Amma abin da garinmu ya ƙi rabuwa da shi a cikin gadonsa shi ne ɗakin karatun da ya hana a gina. Jiya na ga Hadiza a kansa, waya a sama, tana jira.