Ƙanena Mai Fentin Mota

Madubi ake ce masa a gareji, saboda in ya gama fesa wa mota fenti, kana iya tsayawa gaban ƙofarta ka ga haƙoranka. Na girme shi da shekara tara, ni na goya shi, amma yau in ka gan mu tare sai ka ɗauka shi ne babba.

Bai yi nisa a makaranta ba. Yana ɗan shekara goma sha biyar mahaifinmu ya kai shi wurin wani mai fenti. Wannan ubangidan ne ya cusa masa cewa fenti ba shi da maƙiyi kamar ƙura: ƙwaya ɗaya ta sauka a kan ɗanyen fenti, aiki ya ɓaci. Don haka da Madubi ya samu ɗakinsa na kwano a ƙarshen layin makanikai, sai ya bi kowace kafa ya toshe da tsumma. In zai yi feshi, ya yayyafa ruwa a ƙasa, ya ja ƙofa ya sa sakata, ya yi awa biyu ko uku a ciki. Wani tsohon ƙyalle kawai yake ɗaurawa a hanci. In ya fito, ya wanke hannu har gwiwa da tina, ruwan nan mai ƙarfin wari da ake tsinka fenti da shi. Daga nan ya huda gwangwanin madara ya shanye. Haka ya ga ubangidansa na yi, haka duk masu fentin layin ke yi.

Ranar da na fara leƙa ɗakin, ban yi minti ɗaya ba idona ya kawo ruwa.

Na ce, "Kai Madubi, wannan ɗaki ne ko kabari?"

Ya ce, "Yaya, kin yi makaranta, amma ba ki san fenti ba. Madara tana wanke komai."

Maƙwabcinsa mai walda ya ɗaga gilashin fuskarsa ya ce, "Ƙyale shi, Yaya. Jaririn gareji ke nan. Ga furfura ta fara, har yau ba a yaye shi ba."

Muka yi dariya, har da ni. Ban sake tada maganar ba.

Aikinsa kuwa ba a magana. Ba ya auna kala. Ya dubi mota sau ɗaya, ya zuba wannan, ya ɗiga wancan, ya juya da tsinke, sai ka rasa inda tsohon fenti ya tsaya sabo ya fara. Da wannan hannun ya yi gida, ya kai 'ya'ya huɗu makaranta.

Ciwon kai ne ya fara zuwa. Ranar hutu ya sake shi, ya koma aiki ya dawo. Daga baya hanci ya mutu: wata rana tukunya ta ƙone ƙurmus yana zaune a gindin murhu, bai ji komai ba. Sai faɗa. Mutumin da bai taɓa ɗaga murya ba ya koma jifan yara da takalmi a kan an motsa kujera. Matarsa ta zo min da kuka, tana zaton wata ce ta shiga tsakaninsu. Na ce mata ba wata, ki dubi hannunsa in ya ɗauki kofi. Rawa yake yi. Da na matsa masa, ya ce ƙafafunsa ma kamar yana sanye da safa mai kauri, ko ya taka ƙusa sai ya ga jini yake sani.

Ni na ja shi asibiti. Likitar ta tsikare shi da allura a tafin ƙafa, bai motsa ba. Ta faɗi abu uku ta ce ya riƙe, bayan minti biyar ɗaya ya tuna. Sannan ta tambayi sana'arsa, ya faɗa mata da alfahari, har da yadda yake toshe ɗaki.

Ta ce tururin tina da na fenti suna bi ta huhu da fata su shiga jini, kuma inda suka fi zama shi ne ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Jijiya tana da rufi kamar robar da ke jikin wayar lantarki, shekara talatin yana cinye wannan rufin.

Ya ce, "Amma likita, ban taɓa fashin madara ba."

Ta ce, "Baba, madara ciki take tafiya. Gubar ba ta can ta bi ba."

Ya ce, "Hannun zai daina rawa?"

Ta ce ba ta yi masa alkawari ba. Abin da ya lalace da wuya ya dawo duka, amma in ya bar warin nan daga yau, ana iya tsira da sauran.

A hanya na ce masa ya ajiye aikin. Ya ce, "In ajiye in zama wa, Yaya? Mai gadin ƙofar gida?" Muka yi ta ja har ya yarda zai sayi takunkumi na gaske, ya cire tsummokaran, ya bar ƙofa a buɗe.

Ya cika alkawari kwana ɗaya. Baƙar mota aka kawo masa ranar, irin wadda ba ta ɓoye aibi. Yana cikin shafi na ƙarshe wata babbar mota ta wuce ta layin ta tada ƙura. Da fenti ya bushe, ya shafa tafin hannu a kai ya ji tsakuwa-tsakuwa. Mai motar bai ma lura ba, ya ce ya yi kyau. Madubi ya hana shi ɗauka. Ya kankare duka da samfefa, ya mayar da tsummokaransa, ya ja ƙofa ya sa sakata. Takunkumin kuma ya ce yana tare masa gani, ya rataye shi a ƙusa.

Na yi faɗa, matarsa ta yi kuka, 'ya'yansa sun roƙe shi. Ya ƙara shekara uku a haka.

Wata rana da hantsi mai walda ya ji injin iska na ta ƙara, amma ba ƙarar feshi. Ya buga ƙofa, shiru. Ya ɓalle sakatar da ƙarfe. Ya tarar da shi zaune a ƙasa, bindigar fenti a cinyarsa, gefe ɗaya na motar fenti na zuba kamar hawaye, ɗaya gefen ko taɓa shi bai yi ba.

Madubi ya dube shi ya ce, "Motar wa ce wannan?"

Bai sake shiga ɗakin ba. Yanzu mai facin taya ne a ciki.

Shekararsa hamsin da biyu. Yana cin abinci da kansa in an ba shi babban cokali, maɓallin riga ne sai an sa masa. Jiya na je na same shi a kan tabarma, matarsa na yanke masa farce.

Ya ce, "Yaya, likitar nan yaushe ta ce zan koma aiki?"

Matar ta yi min ido, ita kullum ce masa take wata mai zuwa.

Na ce, "Ba za ka koma ba."

Ya dubi hannuwansa na ɗan lokaci, ya ce, "To." Sannan ya miƙa wa matarsa ɗaya hannun.