Rigar da na auna sau huɗu

Shekaru masu yawa sun shige tun da wannan abu ya faru, lokacin kumandan Bature yana zaune a barikin Filinge, 'yan mata masu zuwa lakwal, wato makarantar boko, kuwa ba mu cika yatsun hannu ba. Na gama karatu, na dawo gida da takardar shaida, da metir na awo, da takardar yankan riga guda ɗaya wadda malamarmu ta ɗinki ta ba ni. Ita tana kiranta patiron.

Yayana tafinta ne a bariki. Wata tafiya da ya yi Yamai ya dawo wa amaryarsa da yadin tiriko, irin saƙaƙƙen nan mai miƙewa idan an ja. Ƙyalle ɗaya ne, daidai riga ɗaya, kuma babu irinsa a kasuwarmu. Ta kawo mini shi ta ajiye a cinyata.

"Madmazel, tunda an ce kin yi karatu, ki yi min riga irin ta takardarki."

Na ce, "Zan gwada, in Allah ya so. Amma ban yi alkawari ba."

"Ke dai ko ruwa anka ce ki sha sai kin ce ba ki yi alkawari ba."

Na auna ta, na rubuta. Amma almakashi ya gagare ni. Tiriko ba atamfa ba ne, in ka yanka ba daidai ba sai bakin ya nannaɗe, ba gyara. Na ce bari in jira kasuwa mai zuwa in sayi zare mai kyau. Kasuwa ta zo ta wuce, wata ma ta wuce. Da na tashi yankawa sai zuciyata ta ce in sake awo, ko na yi kuskure. Na sake. Ƙugu ya ƙaru da yatsa biyu.

Ban zargi kowa ba sai kaina. Na ƙara mako uku ina juya takarda, na auna na uku, ya sake ƙaruwa. Sai na koma zargin metir. Har rumfar wani mai sayar da yadi na je na gwada shi da sandar awonsa, ya yi daidai. Mutumin ya ce, "Ɗiyata, metir ba shi ciwo."

Ita kuwa kullum na ɗauko metir sai ta kau da kai, wasan da take yi da ni ma ya ragu. Na ɗauka haushin jinkirina take ji.

Awo na huɗu a tsakar gida na yi shi, da hantsi, mahaifiyata tana sheƙar gero. Na duba lamba, na ɗaga murya kamar mai amsa tambaya a aji.

"Inna, ni ban sani ba ko ni ce ban iya ba, amma kamar dai cikin matar yaya ƙaruwa yake yi."

Faifan ya tsaya cak. Matar yayana ta ja mayafi ta rufe fuska, ta shige ɗaki da metir ɗina rataye a ƙugunta. Mahaifiyata ta dube ni.

"Shekara nawa kika yi lakwal?"

"Shida, Inna."

"Shekara shidda, ba su gaya miki akwai abin da a ka gani a yi shiru ba?"

Sai a lokacin na gane. Cikin fari ne, wanda a wurinmu mai shi ba ta ambata, ba a kuma ambata shi a gabanta, balle a gaban uwar miji. Gidan duka ya sani, ni kaɗai ce nake ta faɗa da metir.

Na ce a hankali, "To yanzu yadin fa? In na yanka daidai da yau, wata mai zuwa ba ta shiga. In na yi ta burmeme kuma na ɓata shi."

"Wanga kuma aikinki ne. Amma kar ki sake taɓa ta da igiyar nan."

Kwana biyu ina tunani. Patiron ɗin bai san da wannan ba, riga ce miƙaƙƙiya. Na tara shuɗiyar takardar da ake naɗe sukari, na manna da ƙullu, na kwafi gaban rigar a kai. Na tsaga ta wuri huɗu daga ƙasan ƙirji zuwa gindi, na buɗa kowane tsagi faɗin yatsa uku, na cike da wata takardar. Na shimfiɗa yadin, ya isa da ƙyar, sai da na rage tsawon hannu. Na yi bisimilla ban san adadi ba, na yanka. Wuraren da na buɗa na ninke su, ninki huɗu a gaba, na kama kowanne da ɗinki mara ƙarfi wanda za a iya warwarewa.

Na kai mata ɗaki na ajiye, na fito. Can sai ga ta ta fito da ita, ta zauna mata ɗas. Ta shafa ninkin, ta harare ni.

"Madmazel mai bakin ganga. Allah shi kai mu naki, a kasuwa zan yi shela."

Wallahi ban taɓa jin daɗin zagi kamar na ranar ba.

Daga nan, duk bayan 'yan makonni sai in tarar da rigar a kan tabarmata. In warware ninki ɗaya in mayar mata. Ba ta ce ba, ban tambaya ba. Da ninki ɗaya ya rage aka zo daga Damana aka tafi da ita gidan iyayenta haihuwa, a cikin rigar ta hau raƙumi.

Har yau ina da wannan hali na jinkiri da sake dubawa, kuma ba zan ce hali ne mai kyau ba, ya sha jawo mini asara. Amma wannan karon, ina jin, shi ya ceci yadin. Da na yi ƙarfin hali na yanka a makon farko, da rigar ba ta yi wata biyu a jikinta ba.