Kifin da Mamman ya kawo daga Kotonu

Akwai ranar da har yau ba ta fita raina ba, wata bazara gab da in ajiye aiki a sashen kifi na ma'aikatar dazuzzuka a Damagaram. Ku da kuka zo bayanmu kun san aikin: zuba 'ya'yan tarwaɗa da karfasa a tabkuna, da duba tarun masunta. Ranar shef ɗinmu, wato shugaban sashen, ya kira ni ya ce wata dattijuwa a Birni na da kifin teku ba lafiya, in je in duba. Na yi dariya, na ce teku a Damagaram?

Hajiya Fanna sunanta. Ɗanta Mamman direban kamyo ne, babbar motar kaya, shi ya kamo kifin a Kotonu, ya taho da shi cikin bido cike da ruwan teku, don uwarsa ba ta taɓa ganin teku ba. Ya sai masa akwatin gilashi. Tafiyarsa ta gaba ya yi haɗari, bai dawo ba.

Na tarar da kifin kamar tafin hannun yaro, mai ratsin baƙi da rawaya, ya kwanta gefe guda yana haki. Ban san irinsa ba, sai da na aika hotonsa ga wani abokin karatuna a Kotonu, ya ce na cikin duwatsun gaɓa ne. Da na ɗanɗana ruwan, wallahi sai da na tofar.

Ashe duk sanda zafi ya shanye ruwan, sai ta ciko da na randa ta jiƙa gishirin Bilma a ciki, don Mamman ya gaya mata ba ya rayuwa sai a ruwan gishiri. Ruwa ke tashi, gishiri na nan yana taruwa. Na riƙa ƙara ruwan daɗi kaɗan-kaɗan, amma kafin la'asar ya mutu.

Ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, ni na kashe shi ko?"

Na ce mata zafin garinmu ne, Hajiya, kifin teku ba ya jurewa. Rabin gaskiya ne, ban kuma yi nadama ba. A aikin nan, in an kira ku kan dabba, ku fara duban mai ita.

Na ɗaga akwatin zan zubar, ta riƙe hannuna.

"Bar shi. Akwai sauran ruwan da ya ɗebo da hannunsa a ciki."