Kiran Da Ya Shiga Gonar Dawa

Shekara biyar ke nan cif da aka kawo mini Sabi'u a bayan a-kori-kura, an lulluɓe shi da buhunan taki biyu domin babu zane a kusa. Mijina ne. Gyaran waya yake yi a wata 'yar rumfa kusa da tasha a Funtua, da damina kuma ya koma gonar gadonsu da ke gaba da Maska. Duk shekara ina niyyar rubuta wannan waiwaye, sai in fasa, saboda akwai maganar da ban taɓa faɗa wa mahaifiyarsa ba. Bana na yanke cewa sai Inna ta ji daga bakina kafin masu karatu su gani.

Tun ina 'yar makaranta nake cinye littattafan soyayya, har na gama zana mijina a zuci: dogo, mai mota, mai wasiƙa da ƙamshin turare. Wanda Allah ya kawo gajere ne, yatsunsa duk tabon ƙunar dalma. Wayata ce ta faɗa cikin randar ruwa, na kai masa. Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Kin kunna ta?" Na ce sau uku. Ya ce, "To ke kika kashe ta, ruwa bai yi komai ba. In waya ta jiƙe a kashe ta, a cire batir da layi, a bar ta a inuwa kwana biyu." Ban taɓa karanta saurayin da ya fara da faɗa ba, amma a ranar na koma gida ina murmushi ni kaɗai.

Haka soyayyarsa take, duk da shawara. Kada ki sa allura a bakin caji, tsinken sakace ya isa. Batir in ya kumbura a fitar da shi daga ɗaki, wuta ce a kwance. Hotunan da kike so ki kwafe su a wuri biyu. Da tsohon batirin babur da ɗan faifan sola ya haɗa mana fitila da fanka, matan unguwa suna zuwa kallo. A satin amarcinmu ya ɗauki muryata ban sani ba, ina kiransa daga madafa: "Malam, ka ɗauka mana, tuwo zai huce!" Ya mayar da ita ƙarar kirana. In na kira shi a rumfa, abokan sana'arsa su yi ta yi masa tsiya, shi ko a jikinsa.

Da 'yan bindiga suka fara tare hanyoyin gona, shi ne ya riƙa bin manoma yana nuna musu yadda ake sa waya a shiru kafin a fita gari. Abin da bai gaya wa kowa ba, a tasa wayar ya ware lamba ɗaya wadda za ta yi ƙara ko an sa shiru. Ni kaɗai ya gaya wa, yana dariya, ya ce ko a gaban alƙali yake kirana zai shigo. Na ji daɗi ƙwarai. Na ji kamar ni ce tauraruwar littafin.

Ranar da abin ya faru, da hantsi, yana gona, dawa ta yi kai, wata maƙwabciya ta shigo da gudu ta ce ana harbi ta wajen Maska. Ban yi tunani ba. Hannuna ne ya ɗauki waya ya kira. Ta yi ƙara sau biyu ta katse.

Sauran labarin daga bakin Baba Nomau na ji, dattijon Bamaguje mai gona kusa da tamu, bayan na fita takaba. Shi ya kawo mini ragowar wayar a ƙulle cikin leda. Ya ce babura sun fi goma. Sun fara harbe wani ɗan ƙwadago a bakin hanya, suka sassari wani da adda yana roƙonsu da Allah. Shi da Sabi'u suka kwanta rub da ciki a tsakanin kunyoyin dawa, suna jin takun mutanen da warin man babur. Har sun fara wucewa.

Na ce, "Baba, ta yi ƙara?"

Ya ce, "'Yata, bar wannan magana."

Na ce, "Don girman abin da kake bauta wa, ka faɗa mini."

Ya ce, "Muryarki na ji a cikin dawa."

Ya ce Sabi'u ya danne wayar da ƙirjinsa, amma an riga an ji. Sai ya tashi ya zura da gudu, ya nufi gabas, nesa da inda dattijon yake kwance. Harsashi na farko ya same shi a cinya, na biyu a baya. Suka iske shi yana jan ciki. Ɗaya daga cikinsu ya taka masa wuya yana kwaikwayon muryata, "Ka ɗauka mana, Malam," sauran suna dariya. Suka ƙarasa shi da adda, suka farfasa wayar da gindin bindiga. Baba Nomau bai motsa ba sai bayan la'asar. Yau yana raye, da jikoki.

Nakan tambayi kaina me Sabi'u zai ce da ya ga yau. Zai yi tsaki a kan wayoyin yanzu da ba a iya cire musu batir. Zai yi murna da sola a kan kowane rufi daga nan har Kafur. Zai ga matan ƙauye sun buɗe zauren hira a waya suna sanar da juna in an ga babura, ya ce madalla. Amma na san da an ba shi magana ɗaya, ga abin da zai ce, kuma shi nake roƙon ku riƙe: in kun ji ana harbi inda naku yake, kada ku kira shi. Ku jira shi ya kira. Mai fita gona kuma kada ya tsaya a shiru kawai, ya shiga saitin wayarsa ya duba ko akwai lambar da aka ware, ya cire ta, ko ya kashe wayar gaba ɗaya. Ko ta wa ce.

Makon jiya na tafi gidan Inna. Na same ta tana ɓarzar gyaɗa a tsakar gida. Na durƙusa na faɗa mata komai, ban rage ba, har da muryata. Na shirya ta kore ni, ko ta juya mini baya har abada, ita da ta riƙe ni kamar 'yar cikinta.

Ta ci gaba da ɓarza na ɗan lokaci. Sannan ta ce, "Ke sau nawa kika kira?"

Na ce, "Sau ɗaya, Inna."

Ta ce, "Ni sau huɗu na kira yaron nan a ranar. Shekara biyar ina zaton ni na kashe shi." Ta goge ido da gefen mayafi. "Ashe kirana ma ba ya ƙara. Ja'iri. Da lambata ya ware, da ni ce."

Muka yi kuka, har da 'yar dariya a tsakiya, irin wadda ba a so maƙwabta su ji.

Rumfarsa yanzu wani ke sayar da takalma a ciki. Fitilar da ya haɗa tana nan tana ci, sau ɗaya na canza mata batir da hannuna, yadda ya koya mini. Littattafaina sun ce masoyi na gaskiya shi ne wanda ke amsa kiranka a ko'ina yake, ni ma na yarda da haka har ranar dawa. Ranar, da zan bar gidanta, Inna ta miƙo mini 'yar wayarta ta ce in nuna mata wurin kashewa, domin ƙanen Sabi'u zai fita gona washegari kuma ba ta yarda hannunta ba zai kira shi ba. Na nuna mata. Allah ya jiƙan Sabi'u, ya ba mu haƙurin jira.